Mu Biyu Kare Ya Ciza

Takur, Dutse
Laraba, 6 ga Agusta

Zuwa ga Yayata Bilki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna? Ina fata tana shan maganin hawan jinin nan kullum, ba sai ranar da kanta ya sara ba. Yaya damina a Garki?

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Na san wayarki sai an buɗe murya ake jin magana, Inna kuwa ba ta nisa da ke. Ki shiga ɗaki ki karanta, ki ɓoye.

Kin san makarantarmu ta koyon aikin lafiya ta tura mu 'yan ajin ƙarshe aikin sanin makama na mako takwas. Ni da Khaulat, wadda muke ɗaki ɗaya, aka kai mu ƙaramin asibitin Kafin Gawo, can gaba da Aujara. Aikinmu shi ne mu bi gida-gida da ruga-ruga muna tambaya: wa ke zuwa asibiti, wa ba ya zuwa, me ke hana shi. So ake a gano abin da ya sa mutum biyu za su kamu da ciwo iri ɗaya, ɗaya ya sami magani, ɗaya bai samu ba. Matan ruga da yawa Hausarsu ba ta wuce ta ciniki ba, don haka Malam Idirisu, mai kula da asibitin, ya roƙi wata mai tallan nono ta riƙa yi mana tafinta. Goggo Adama muke ce mata. Za ta yi sa'ar Inna ko ta gaza kaɗan. Doguwa ce, mai barkwanci, kullum tana yi wa takalmanmu dariya, ni kuwa 'yar takarda take kirana.

Ranar Litinin da hantsi muna zaune a tabarma da matan rugarsu, ina rubutu, sai wani jan kare ramamme ya ɓullo daga bayan bukka. Bai yi haushi ba, Yaya. Miyau kawai ke dalala daga bakinsa. Kafin in miƙe ya cafke mini sharaɓa. Kowa ya watse, ban da Goggo Adama. Ta kwaɗa masa ƙwarya a ka, ƙwaryar ta fashe, sai ta kama fatar wuyansa da hannu ta fizge shi daga jikina. Shi ne ya juya kanta. Ya cije ta a tafin hannu da yatsu biyu, cizo mai zurfi, kafin maza su iso da sanduna su kashe shi.

Mun wanke ciwukan da sabulu da ruwa mai yawa kamar yadda aka koya mana. A asibitin babu allurar cizon kare, firjin ma ya daɗe da lalacewa. Allah ya sa motar makaranta tana Aujara ranar, malamai sun zo duba ɗalibai. Khaulat ta hau tudu ta sami layi ta kira su, kafin la'asar ina Dutse. An yi mini allura a kafaɗa, an yi wasu a zagayen ciwon. Saura uku: gobe, da rana ta bakwai, da ta goma sha huɗu.

Likita ya ce na zo da wuri, in kwantar da hankalina. Amma ni na karanta ciwon haukan kare a aji, har jarrabawa na rubuta a kansa. Na san idan alamu suka fito, babu sauran magani. Da ma ban sani ba.

Goggo Adama tana can. Zan ba ki labarinta nan gaba.

Ki gaida yara. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Zakiyya


Takur, Dutse
Litinin, 11 ga Agusta

Yaya Bilki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida baki ɗaya. Na ga saƙonki a waya, na gode da ba ki ambaci komai a ciki ba. Kada ki taso, don Allah. In kin taso Inna za ta gane.

Yau aka yi mini allura ta uku. Ƙafar ta sace, ina takawa. Amma hankalina bai kwanta ba. Sau nawa a yini nake ɗebo ruwa a kofi, ba don ƙishi ba, don in ga ko zan iya haɗiyewa, tunda kin san mai wannan ciwo ruwa yake tsoro. Idan ciwon ya ɗan yi ƙaiƙayi sai gabana ya faɗi. Shekaranjiya karen maƙwabta ya yi haushi ina alwala, ban san lokacin da na saki buta ba. Khaulat tana ƙoƙari da ni, ta ce in daina karanta littafin darasinmu na ciwon, har ta ɓoye shi.

To amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Akwai abin da na tsallake a waccan wasiƙa, kuma ya hana ni sakat.

Da motar makaranta ta iso Kafin Gawo, Goggo Adama tana tsaye a bakin asibiti, hannunta naɗe da ɗankwalina, jini ya riga ya ɓullo ta ciki. A motar akwai direba da malamai biyu. Akwai wurina da na Khaulat, akwai kuma kujera guda da aka ɗora wa kwalin takardun tambayoyinmu. Khaulat ta ce a sauke kwalin a ɗauki Goggo. Direba ya ce doka ta hana shi ɗaukar wanda ba ɗalibi ko ma'aikaci ba, in wani abu ya faru a hanya shi za a tuhuma. Ɗaya daga cikin malaman ya ce ai ana iya samo mata acaɓa gobe. Ɗayar kuwa, malamar da ke duba aikinmu, ni kawai ta kalla. Na gane kallon. Da na ce ba zan shiga ba sai da ita, wallahi da an sauke kwalin nan. Ni ce mai ciwo, ba wanda zai bar ni a can.

Ban ce ba, Yaya. Na ɗaga kai na ga rana ta karkata, na tuna an ce kowace sa'a tana da muhimmanci, na ji tsoron kada gardama ta ci lokaci. Na shige mota na ja ƙofa. Ko waiwaye ban yi ba.

Ciwonta ya fi nawa haɗari. Nawa a ƙafa yake, nata a yatsu, kuma an koya mana cizon hannu da na fuska sun fi saurin kai cutar ƙwaƙwalwa. Yau kwana bakwai. Na sami Malam Idirisu a waya ɗazu, ya ce sau biyu yana aikawa rugar, amsar da ake ba shi ita ce an yi mata magani, ciwo ya bushe, an gode.

Makaranta ta ce in zauna a Dutse sai na gama allurai. Ba zan iya ba. Gobe da safe ni da Khaulat za mu koma. Tsoron wurin nake ji kamar me, ko tunanin sauka daga mota a Aujara ba na son yi. Amma zaman nan ya fi.

Kada ki tsane ni. Ke kaɗai na faɗa wa.

Taki,
Zakiyya


Kafin Gawo
Lahadi, 17 ga Agusta

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya kamar yadda muke a nan, alhamdu lillahi. Wani mai kai hatsi ne zai bi ta wajenku, shi na ba wa takardar nan. Ki ba shi ruwa ya sha, mutumin kirki ne.

Mun iso ranar Talata, muka wuce ruga ko jaka ba mu ajiye ba. Na riƙe sanda a hanya kamar makiyayi, duk ciyawar da ta motsa sai na tsaya. Muka sami Goggo Adama tana dakan fura da hannu ɗaya. Ta yi dariya da ta gan ni, ta ce 'yar takarda ta dawo da sanda. An ƙona gashin karen an shafa mata a ciwon, an yi mata rubutu ta sha. Ciwon kuwa da gaske ya kama bushewa, wannan ne ma ya ɓata mana aiki, don duk wanda na ce wa akwai sauran haɗari sai ya nuna mini hannun.

Mijinta, Baffa Sale, ya saurare mu da mutunci. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, ya bari na gama bayanina tsaf. Sannan ya ce ya gode, amma ba za ta je ba. Ya ce shekara uku da suka wuce ya kai ƙanensa wani babban asibiti a birni, suka yi kwana biyu a baranda ba wanda ya duba su, ana tambayarsu kati da lamba da harshen da ba sa ji sosai, ana kallonsu kamar sun zo sata. Gawa ya dawo da ita. Ya ce mutum ya mutu a gaban 'yan uwansa ya fi ya mutu a baranda. Irin wannan amsar na rubuta ta fi sau talatin a takardunmu, ina sa mata lamba, ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar.

Kullum sai na je. Na je Laraba, na je Alhamis, na je Juma'a. Har na fara jin kunyar sallama. Ranar Alhamis Goggo ta rako ni bakin rafi, da muka yi nisa da mutane ta tambaye ni a hankali ko gaskiya ne mai ciwon yakan yi haushi kamar kare. Na ce ba haushi ba ne, maƙogwaro ne ke shaƙewa. Sai ta ce ita ba za ta tsallake maganar mijinta ba. Nan na gane ita ma a tsorace take, dariyar ta baki ce.

Jiya Asabar abin ya sauya. Ashe kwana huɗu kafin ya cije mu, karen nan ya ciji wata karsana ta Baffa Sale a hanci, ba wanda ya ɗauke shi komai. Tun Juma'a ta daina kiwo. Jiya da safe muka tarar an ɗaure ta a turke nesa da garke, tana wani irin kuka mai gurnani, miyau har ƙasa. An ajiye mata ruwa tana kallo tana karkarwa. Tana ta tunkuyar turken har ƙahonta ɗaya ya karye. Baffa Sale da ya raine ta tun tana 'yar maraƙa ya matsa yana kiranta da sunanta, ta yi kansa sai da igiya ta tsayar da ita. Yaya, na tsuguna a wurin ina kallonta. Abin da ke cikin dabbar nan shi ya shiga jikina, shi ya shiga jikin Goggo. Na waiga na ga Goggo tsaye a bakin bukka, ta rungume hannun nan a ƙirji.

Malam Idirisu ya zo ya hana a taɓa miyanta, ya hana a ci naman. Aka kashe ta aka binne a rami mai zurfi. Bayan azahar muna asibiti sai ga Baffa Sale shi kaɗai. Bai zauna ba. Ya dube ni ya ce, "Yarinya, in na ba ki ita, ba za ki bar ta a baranda ba?"

Na ce ba zan bar ta ba.

Gobe Litinin ce ranar allurata ta ƙarshe, tare za mu tafi. Gobe kwana goma sha huɗu ke nan da cizon. Ina ta lissafin kwanakin nan, ba sa raguwa.

Ki yi mana addu'a, ita ta fi ni buƙata.

Ƙanwarki,
Zakiyya


Takur, Dutse
Lahadi, 24 ga Agusta

Yaya Bilki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigida da yara. Na ji muryar Inna jiya, na ji daɗi da ta ce jikin da sauƙi. Ta ce muryata ta sauya, na ce mura ce. Allah ya yafe mini.

Mun zo ranar Litinin. Baffa Sale ya sayar da rago saboda allurar. Na riƙe hannun Goggo tun daga ƙofar asibiti, ni na yankar mata kati, ni na yi mata magana a kowane tebur. Likitan da ya duba ni shi ya duba ta. Da ya ji kwana goma sha huɗu, ya ga kuma a yatsu ne, sai ya ajiye biro ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce tunda alamu ba su fito ba za a fara nan take, sauran kuma na Allah ne. Aka yi mata ta kafaɗa, aka yi ta cikin tafin hannu. Ko gezau ba ta yi ba, ni ce na juya baya.

Baffa ya koma wajen shanu, ita ta zauna a ɗakinmu saboda sauran alluran. Khaulat ta bar mata katifarta. Kwana uku na farko lafiya ƙalau, tana tsokanar 'yan gidan haya, ta ce nonon da muke saya a nan ruwa ne aka yi wa farin kaya.

Ranar Juma'a da safe ta ce kanta na ciwo. Kafin hantsi jikinta ya yi zafi rau. Ta ƙi karin kumallo. Sai ta ce hannun yana yi mata ƙaiƙayi daga ciki. Yaya, da zazzaɓi da ciwon kai da ƙaiƙayi a wurin cizo, haka aka jera su a littafi, haka suke farawa. Khaulat ta fita neman mai adaidaita, aka bar ni da ita. Na san gwaji ɗaya ne zan iya yi a ɗakin nan. Na ɗebo ruwa a kofi na zo gabanta, sai na kasa miƙa mata. Na ga kamar in ban miƙa ba, abin bai tabbata ba.

Ina tsaye da kofin nan na faɗa mata komai. Na ce akwai kujera a motar ranar, na ce da na yi magana da an ɗauke ta, na ce tsoro ne ya sa na bar ta bayan ita ta sa hannunta a bakin kare saboda ni. Ina faɗa ina kuka, ban ma san ko Hausar tawa na fita daidai ba.

Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Ai na gani. Na ga kin dube ni, kin dubi rana, kin shiga. Kwana uku ina jin haushinki. Da kika dawo da sandarki sai na ce a raina, to, ta dai dawo." Ta ɗan numfasa ta ce, "Ba ni ruwan nan, kin tsaya surutu ƙishi na kashe ni."

Na miƙa mata. Ta kafa kai ta shanye tas, ta ce in ƙaro. Na zauna a ƙasa ina hamdala, da kanta ta miƙa hannu ta ɗauki butar shayi ta ƙara ruwan.

A asibiti aka ɗebi jininta, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, an ba ta magani. Ƙaiƙayin kuma likita ya ce yana iya zama na warkewar ciwo. Yau ta ci tuwo. Amma ya ja ni gefe ya ce kada in saki jiki, an fara allurar a makare, sai an ga wata uku daga ranar cizon sun wuce lafiya kafin hankali ya fara kwanciya.

Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban tambaya ba. Gobe za a yi mata ta uku.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Zakiyya


Kafin Gawo
19 ga Satumba

Yayata Bilki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na sami saƙon ƙuli-ƙuli da yajin da kika aiko, Allah ya saka da alheri. An fara yankan gero a nan, na san ku ma kuna ciki.

Goggo Adama ta gama alluranta tun farkon wata, tana gida. Mu ma aikinmu ya zo ƙarshe, jibi za mu tattara mu koma Dutse. Mun rubuta rahotonmu, muka sa labarin cizon a ciki yadda ya faru, har da motar da kwalin da shirun da na yi. Wani malami ya ce a cire wannan shafi, ba ya cikin abin da aka aike mu. Malamar da ke duba mu ta ce a bar shi. Ban san abin da zai jawo mana ba. Malam Idirisu kuma ya ce an yi masa alkawarin gyara firji, ya ce sai ya gani.

Jiya kasuwar Kafin Gawo ta ci. Mun yi da Goggo duk ranar kasuwa zan same ta a inda masu nono ke zama, in gan ta da idona. Tun hantsi nake wurin. Matan rugage suka yi ta zuwa suna sauke ƙore, ita shiru, kuma ba ko ɗaya daga rugarsu da zan tambaya. Aka yi azahar, ba ta zo ba. Na kasa cin komai. Na tsaya a bakin hanyar da suke ɓullowa, duk doguwar mace da na hango sai in ce ita ce, in ta matso sai in ga ba ita ba ce. Na riga na fara shirya abin da zan ce wa Baffa Sale. Har na kira ɗan acaɓa zai kai ni, sai ga ta da matan rugarsu, su huɗu a jere, zannuwansu jiƙe har gwiwa. Rafi ne ya cika, suka zauna jiran ya janye.

Ban san na rushe da kuka ba sai da na ji tana yi mini faɗa, wai in rufa mata asiri a tsakiyar kasuwa, mutane za su zaci mutuwa aka yi, su ƙi sayen nononta. Ta dama mini fura, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Na duba idonta, na duba hannun, na tambaye ta barci da cin abinci. Lafiya lau. Yatsa ɗaya ne ba ya lanƙwasuwa.

Saura mako shida da 'yan kwanaki wata ukun su cika. Daga Dutse zan riƙa zuwa duk ranar kasuwa, na riga na gaya wa makaranta. Na san mako mai zuwa ma haka zan tsaya a bakin hanyar nan ina jiranta, da wanda ke biye da shi. Ki ci gaba da yi mata addu'a da sunanta, Adama 'yar Hassan, bayan kowace salla.

Ina gaida maigida, ina gaida yara. Ki rungume mini Inna.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Zakiyya